Motar Hajiya da ke buɗewa da telekomand amma ta ƙi kullewa

Ƙarshen watan Afirilu ne, lokacin da rana ke dukan Yamai har ƙarfen mota ba ya taɓuwa, wani direba ya shigo garejina da mota ƴar Japan irin doguwar nan mai ƙofar baya da muke ce ma birek, ƙirar 2006, wadda aka yi don kasuwar Turai. Ta shigo ta Kwatano tun kafin a rufe iyaka a 2023. Mai motar wata Hajiya ce ƴar kasuwa, atamfa da shadda take saidawa a babbar kasuwa, gidanta kuma can Harobanda, kullum sai sun ƙetare gadar Kennedy safe da yamma da kaya danƙare a baya. Direban ko gaisuwa bai gama ba ya ce maigida telekomand ce ta mutu, an ce bwatiye, wato ƙwaƙwalwar jikin motar, za a canza, Hajiya ta ce in kawo ka duba kafin ta fidda kuɗin.

Na ce mashi zauna tukuna ka sha ruwa, mi take yi, mi ba ta yi. Nan aka fara warware zare. Ashe wata biyu kenan suna fama, sun canza pil sau uku, wani ya saida masu sabon makulli mai telekomand jika 15 aka yi ta ƙoƙarin haɗa shi da motar ya ƙi, daga nan aka ce masu ƙwaƙwalwar jikin motar ce ta ƙone. Abin da ya tada hankalin Hajiya kuwa shi ne ranar da direban ya danna telekomand a bakin kasuwa ya juya ya tafi salla, ya dawo ya tarar motar a buɗe da turamen atamfa cikinta, Allah ya tsare ba a ɗauki komai ba.

Na kira ta a salula. Bayan mun gaisa ta tambayi iyali na tambayi kasuwa, na ce Hajiya ina son ki tuna da kyau, buɗewa take ƙi ko kullewa? Ta yi shiru kaɗan ta ce ɗana walle buɗewa kam tana buɗewa, sai dai ka matso kusa da ita sosai, kullewar ce wata rana ta yi wata rana ta ƙi. Ta ƙara da cewa ƙofar baya ta dama, inda take zama, ita ba ta bin sauran in rana ta yi, sai an sa hannu. Kuma duk ranar Litinin da safe motar na tashi da nauyi kamar batir ya gaji. Wannan hira ta minti biyar ta fi mini duk wani aparai da ke cikin garejin amfani, don ta nuna mini ba ciwo ɗaya ba ne, ciwo uku ne aka haɗa aka sa masu suna ɗaya.

Bari in ɗan bayyana yadda santiralize, wato tsarin da ke kulle ƙofofin mota ya buɗe su duka lokaci guda, ke aiki don wanda bai sani ba ya bi ni. In ka danna telekomand tana aika saƙo ta iska irin na rediyo, cikin motar akwai abin da ke kama saƙon ya miƙa ma bwatiye, shi kuma bwatiye ba ya aiki da ka, sai ya duba sharuɗɗa tukuna, ko makulli na cikin kontak, ko akwai ƙofar da ba ta rufu ba, in komai daidai sai ya tura wuta volt 12 na ɗan lokaci da bai kai daƙiƙa guda ba zuwa ga ƙananan motoci, wato ƴan injunan lantarki, da ke cikin kowace ƙofa. In ya tura wutar ta wannan fuska su kulle, in ya juya ta su buɗe. Kenan akwai mai aikawa, akwai mai ji ya yanke hukunci, akwai mai motsa ƙarfen, sannan ga wayoyin da suka haɗa su. Wanda zai gyara dole ya san a wane zango saƙon ya tsaya kafin ya sayi ko da fizibil ɗaya.

Da telekomand na fara. Yarona na shago ya ɗauko salularsa zai duba ta da kyamara kamar yadda ake yi ma ta talabijin, na ce mashi a'a, ta talabijin haske take aikawa shi ya sa kyamara ke gani, ta mota rediyo ce, ko ka kwana kana dubawa ba ka ganin komai. Akwai ɗan aparai da ke nuna lambar zangon da take aikawa, na kara tsohon makullin na danna buɗewa ya nuna 433, na danna kullewa ya nuna 433, kenan maɓallan biyu duk suna magana. Na kara sabon da suka saya jika 15 ya nuna 315. Na juya bayansa ga rubutun FCC ID ɓaro-ɓaro, alamar na kasuwar Amurka ne. Motocin da aka yi don Turai yawanci kan 433.92 MHz suke ji, na Amurka yawanci 315 MHz, kuma nan Yamai duka biyun sun cika gari, makullan kuma kamarsu ɗaya a ido, shi ya sa mutane ke faɗawa. Ko shekara za a yi ana programe wanga makulli motar Hajiya ba za ta ji shi ba, kamar ka kama tashar FM ne kana jiran labarun gajeren zango.

Na buɗe tsohon. Pil ɗin da ke ciki CR2016 ne, shi ne daidai da makullin, amma mita ta nuna volt 2.8, alhali sabo mai kyau yakan nuna 3.2 ko sama kaɗan, kuma wanga bai yi sati biyu ba. Lambobin nan ma'ana gare su, 20 faɗi ne a milimita, 16 kauri ne wato milimita 1.6, CR2032 kuma kaurinsa 3.2, duka volt 3 ne amma ba a musanya su yadda aka ga dama. Na sha ganin wanda ya jera sirara biyu a gurbin mai kauri ɗaya ya ba telekomand volt 6. Bayan pil ɗin, ƙarfen da ke riƙe shi ƙafarsa ɗaya dalmarta ta tsage, in ka taɓa da bakin turnabis sai ka ga tana rawa, ga datti baƙi na zufa da ƙura kewaye da maɓallan. Na wanke da alkol, na sake liƙa ƙafar da dalma, na sa pil na kirki. Daga bakin titi, taku wajen 20, motar ta amsa. Ciwo na farko kenan, kuma shi ne mafi sauƙi.

Abu guda da direban bai sani ba, yana tsoron wai in pil ya mutu gaba ɗaya motar ba za ta tashi ba. A irin wanga makulli ɗan ƙwayar da ke ba injin izinin tashi dabam yake, ba ya cin pil, daga zoben da ke kewaye da kontak yake samun ƙarfi. Telekomand na iya mutuwa mota ta tashi lahiya lau.

To sai aka zo wurin da aikin yake. Na danna kullewa sau goma, ta kulle sau goma. Direban har ya fara murna zai kira Hajiya, na ce dakata, ai ba mu kama ɓarawon ba, pil mai rauni zai rage nisa ne ga buɗewa da kullewa baki ɗaya, ba zai zaɓi kullewa kaɗai ya hana ba. In saƙo ɗaya ya wuce ɗayan ya tsaya alhali duka sun fita daga makullin, to bwatiye ya ji, ƙi ya yi, kuma yana da dalili. Dalilan da na sani biyu ne a irin waɗannan motoci, ko yana ganin makulli na cikin kontak ko yana ganin wata ƙofa a buɗe.

Na ce mu shiga mu zaga. Kan gudron shiru, ba komai. Muka sauka wata hanyar latarit mai ramuka a bayan unguwa, ba mu yi mita 200 ba jar fitilar nan mai hoton mota da ƙofofi a buɗe ta ƙyafta a tablo, ta mutu, ta sake kamawa ta zauna. Na ce ma direban wannan fa? Ya ce ai maigida kullum haka take, ta zo ta tafi, mun saba. Na ɗaga kai na dubi fitilar rufi, babu ampul ciki. Ya ce shi ya cire da kansa tun watan azumi don tana kamawa da dare suna cikin tafiya tana damun Hajiya. Ban yi mashi faɗa ba don ba wanda ya taɓa gaya mashi fitilar nan da santiralize uwarsu ɗaya, amma raina ya sosu, motar wata biyu tana faɗin inda ke mata ciwo, kuma duk hannun da ta bi ba wanda ya dubi tablo. Muka tsaya nan gefen hanya da fitilar a kunne, muka fita muka rufe ƙofofi duka ƙam, na danna kullewa. Shiru. Na danna buɗewa ta amsa. Ga ciwon a gabanmu.

Saura wace ƙofa ce ke ƙarya. Ƙofofin gefe huɗu kowace na da ɗan maɓalli a jikin ginshiƙi cikin roba, in ƙofa ta buɗe sai ya saki ya haɗa wayarsa da ƙarfen mota, wato mas, bwatiye da ya ga mas a wayar sai ya ce a buɗe take. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dannawa da yatsa yaro na kallon tablo, fitila ba ta motsa ba. Na kwance su na duba, ƙurar hunturu ta shiga amma suna aiki. Ƙofar baya kuwa nata maɓallin cikin makullinta yake, wayarsa kuma sai ta hau sama ta bi cikin wata roba mai lanƙwasa da ke tsakanin rufin mota da ƙofar, kusa da hinji. Na rufe harshen makullin da turnabis don motar ta ɗauka ƙofar a rufe take alhali tana sama, na kama robar na murɗa kaɗan, yaro ya yi ihu maigida ta mutu, na saki, ya ce ta dawo.

Da na zame robar abin da na gani ya isa a nuna ma duk mai koyon aikin nan. Wayoyi ne wajen takwas, rigarsu ta bushe ta yi tauri kamar busasshiyar ganda, uku sun tsage daidai wurin lanƙwasa, jan ƙarfen ciki ya fito yana ƙyalli, ɗaya saura silli biyu ko uku ta tsinke. Wayar maɓallin ƙofa ta goge da bakin ramin ƙarfen da take bi har ta yi ma fentin wurin tabo mai haske. In mota ta girgiza ta taɓa ƙarfe, bwatiye ya ga mas, ya ce ƙofa a buɗe, ya hana kullewa don kada mai mota ya tafi yana zaton ya rufe. Aikinsa yake yi daidai, shi da aka ce ya ƙone. Ba abin mamaki ba ne kuma, mota ta kusa shekara ashirin, ƙofar da ake ɗagawa a sauke sau ashirin talatin a wuni ana loda kaya, ga zafin Afirilu da Mayu da ke wuce digiri 40 a inuwa balle ƙarƙashin rufin ƙarfe, wace roba ce za ta jure.

Wurin gyaran nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Kada a naɗe tsagar da skoc a maida, kuma kada a yi liƙin dalma daidai inda wayar ke lanƙwasa, don wurin dalma tauri yake yi, wata uku ya karye. Na yanke duk wayoyin da suka tsage na sa sabbi masu laushi tsawon kamu biyu, haɗin farko can cikin rufi, na biyu can cikin ƙofa, yadda tsakiyar da ke lanƙwasawa ba ta da gaɓa ko ɗaya, kowane haɗi na rufe shi da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Na yi su ɗaya bayan ɗaya don kada launi ya rikice mini, da kan batir a cire. Awa biyu ya ci. Robar waje ma na duba ta zauna da kyau a bakinta, don in ta yi gefe ruwan Agusta ta nan zai bi ya sauka cikin makullin.

Maganar tashi da nauyi ranar Litinin ita ma nan ta warware. Kafin in gyara wayar na sa mita tsakanin kan batir na mas da wayarsa, a ma'aunin ampa 10, na bar motar ta yi barci, na taɓa wayar da ƙarfe da gangan, mita ta nuna 0.45. Mota lafiyayya in ta kwanta bai kamata ta wuce wajen 0.05 ba. Direban ya cire ampul na rufi amma ya manta akwai wata ƙaramar fitila a gefen kofur, wurin kaya na baya, wadda kwalaye da turame ke rufewa kullum, gilashin baya kuma mai duhu ne, ba mai ganinta. Murfinta har ya yi ruwan ƙasa don zafi. Ampul mai wat 5 kan volt 12 yana jan kusan ampa 0.4. Hajiya ba ta fita Lahadi, daga daren Asabar zuwa safiyar Litinin awa 36, ka lissafa, wajen 15 Ah, wato ampa-awa, ma'aunin cajin batir, sun tafi daga batir ɗin da ko yana sabo 60 ne, balle ya sha zafin Yamai shekara biyu. Duk daren da aka ajiye motar wayar na taɓe da ƙarfe haka batir ke kwana yana zuba. Bayan gyara mita ta sauka 0.03. Da injin a kunne na auna volt 14.1, kenan alternatar lahiyarsa lau, caji kawai na yi ma batir ɗin na dare ɗaya. Ga wanda zai gwada wanga awo da kansa, kada ya murɗa kontak ko ya danna santiralize mita na tsakani, fizibil ɗinta zai tafi.

Na ukun ƙofar Hajiya ce ta dama. Da safe tana bin sauran, ƙarfe biyu na rana kuwa sai ka ji wani ɗan gurnani ciki, maɓallin ya ɗaga rabi ya tsaya. Tun da sauran ƙofofi na amsawa, ba fizibil ba ne ba bwatiye ba ne, ko waya ce ko ɗan motar cikin ƙofa. Na cire kwalin ƙofar na zare fulogi na sa fitilar gwaji a bakin wayoyin biyu, don mita ba ta da saurin kama wutar da ba ta kai daƙiƙa ba, na danna, fitila ta haska tas a kullewa ta haska tas a buɗewa. Wuta na zuwa kenan. Na kwance makullin da ke cikin ƙofar na buɗe gidansa, giris ɗin ciki ya haɗu da ƙura ya koma kamar ƙullin tuwon jiya, ɗan motar kuma gawayinsa da ke kai mashi wuta ya cinye. Irin waɗannan ƙananan motoci da yawansu akwai wani ɗan faranti ciki da ke rage wuta in ya ji zafi don kada su ƙone, in ya tsufa kuma ƙofa ta gasu a rana sai ya fara ragewa tun ba a je ko'ina ba, shi ya sa safe lahiya rana ciwo. Na aiki yaro wurin masu kayan feray, masu saida tsoffin kayan mota, ya samo makulli na hannu irinsa, muka gwada shi kan batir kafin a biya, na wanke na sa giris fari marar nauyi kaɗan, ba a cika shi, yawansa ƙura yake kira. Sandunan ƙarfen da ke zuwa hannun ƙofa na maida kowane cikin ƴar robarsa, ledar da ke bayan kwalin ma na liƙe ta yadda take, don masu yage ta su yar su ne ke sa ruwa da ƙura su cinye makulli.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin aikin nan maganar bwatiye ce. Da Hajiya ta biya an canza shi, da kuɗi masu yawa sun tafi, sannan a wasu motoci sai an sake haɗa makullai da sabon, kuma ranar da suka hau hanyar latarit ciwon zai dawo yadda yake don wayar na nan tana goga. Bwatiye na lalacewa, na gani, musamman motar da ruwa ya shiga ƙarƙashin tablo ko wadda aka juya ma kan batir, amma cikin abin da ke zuwa hannuna shi ne na ƙarshe da nake zargi, sai na tabbatar wuta na shigarsa, mas ɗinsa na da kyau, kuma labarin da maɓallan ƙofofi ke kai mashi gaskiya ne. Mai mota ma na iya rage ma kansa asara da gwaji ɗaya tun a gida, ya zauna ciki ya danna maɓallin santiralize na ƙofar direba, in duka suka kulle to fizibil da ƙananan motocin lahiya, a nemi ciwon wajen telekomand ko fitilar ƙofa a tablo, in ɗaya ce ta ƙi ciwon na cikin wannan ƙofar, in duka suka yi shiru a fara da fizibil da ƙarfin batir.

Washegari da la'asar Hajiya ta zo da kanta tare da ɗanta. Na nuna mata guntayen wayoyin da na yanke a tafin hannuna, ta juya su ta ce yanzu wannan ɗan abu ne ya hana ni barci wata biyu, na ce shi ne Hajiya. Na maida ampul na rufi a gabanta na ce ma direban daga yau in jar fitilar nan ta kama ƙofofi na rufe, kada ya cire komai, ya kawo ta, kuma in ya danna kullewa ya tsaya ya ga sigina sun ƙyafta ya ja hannun ƙofa ɗaya kafin ya juya baya. Na gaya masu kuma in suka buɗe da telekomand ba su taɓa ƙofa ba motar za ta sake kulle kanta bayan kamar daƙiƙa 30, haka aka yi ta, kada su ɗauka wani sabon ciwo ne.

Ɗan nata motarsa irin mai maɓallin tashi ce, ya ce baba ni fa in nawa pil ya mutu a hanyar Doso ya zan yi. Na karɓi makullinsa na zare mashi ɗan ƙarfen da ke ɓoye ciki wanda bai taɓa sanin yana nan ba, na ce da wanga za ka buɗe ƙofar direba, in ka shiga ka taka birki ka kara makullin jikin maɓallin tashi ka danna, za ta tashi. Na ce ya riƙa sa ƙarfen cikin ramin makullin ƙofa yana murɗawa ko sau ɗaya a wata, don ramin da ba a amfani da shi ƙura ke toshe shi, ranar buƙata ya ƙi juyawa.

Sati uku bayan nan, ranar wata Litinin, direban ya biyo da safe bayan ya sauke Hajiya kasuwa. Na auna batir bayan injin ya huce, volt 12.5, ya ce bugu ɗaya ta tashi, ƙofar dama kuma na bin sauran ko da tsakar rana. Makullin 315 ɗin Hajiya ta ce in riƙe, in an samu mai motar Amurka da ya dace da ita a saida mashi a rage mata asara, yana nan cikin durowata na ɗaure shi da ƴar takarda na rubuta lambar a kai.